Fitowa daga layi zuwa babban titi: yaya ake gane tazarar da ta isa a shiga?

Sabuwar Direba, Tumfure

Assalamu alaikum. Don Allah masana tuƙi ku taimaka mini. Ban daɗe da karɓar lasisi ba, motata ƙarama ce mai giyar hannu. Cikin unguwa ba ni da damuwa, amma fitowa daga layinmu zuwa hanyar Bauchi ita ce ke tayar mini da hankali, musamman da safe lokacin da manyan motoci da na haya ke kwararowa cikin garin Gombe.

Ta yaya zan gane cewa motar da ke tahowa tana da nisan da zai ishe ni in shiga gabanta? In na shiga, lallaɓawa zan yi har in daidaita ko taka totur zan yi? In na bayana suka dame ni da ham fa? Sai kuma ranar da zan nufi wajen Lawanti, wato sai na tsallake hannu ɗaya kafin in hau nawa. Allah ya saka da alheri.

Malamin Tuƙi

Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsoron nan da kike ji yana kan hanya, domin mahaɗar ƙaramar hanya da babba tana cikin wuraren da suka fi cin mutane. Abin da ya rage shi ne a mayar da tsoron lissafi.

Fara da wannan: wanda ke kan babban titi shi ke da hanya. Ke ce mai neman shiga, saboda haka in shigarki ta sa wani ya taka birki ko ya kauce, ba ki shiga daidai ba, ko da ba a yi karo ba.

Ido ba ya iya auna gudun abin da ke tahowa kai tsaye. Mota mai gudun kilomita 60 a awa da mai gudun 110, in suna nesa, kusan iri ɗaya za ki gan su, sai sun matso sannan mai gudun ta bayyana farat ɗaya. Don haka ba da nisa ake aunawa ba, da daƙiƙa ake aunawa. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Mai gudun 80 tana cin mita 22, mai gudun 100 kuma mita 28. Filin ƙwallo guda, daga raga zuwa raga, mai gudun 100 bai kai daƙiƙa 4 ba ya cinye shi.

Yanzu duba naki ɓangaren. Ƙaramar mota daga tsaye zuwa gudun 80, in an taka ta yadda ya kamata, tana ɗaukar wajen daƙiƙa 12. Cikin wannan lokaci kin yi tafiyar kusan mita 130, shi kuwa mai tahowa da gudun 80 ya yi kusan 265. Ke nan ya cinye mita 135 daga tazarar da ke tsakaninku kafin gudunku ya zo ɗaya. Ki ƙara mita 45 da ya kamata a ce sun saura tsakanin bambarsa da taki, ya zama 180. Wannan daidai yake da daƙiƙa 8. A cikin gari inda ake tafiya 50, daƙiƙa 5 zuwa 6 sun isa. A bayan gari inda wasu ke kai 100 ko su wuce, mita 300 ma ba su yi yawa ba.

Ba wanda zai fito da awo a bakin titi, ga yadda ake yi. Ki tsaya a bakin layinku, ki zaɓi wata alama ta hagunki: falwaya, allon talla ko bishiya. Da mota ta gifta alamar sai ki fara ƙirga a bakinki, dubu da ɗaya, dubu da biyu, dubu da uku, har ta iso gabanki. Ki gwada da motoci da dama, ki riƙe lissafin wadda ta fi kowa gudu, ba na mai lallaɓawa ba. In ƙirgar ba ta kai 8 ba, ki matsar da alamar can gaba. Ranar da kika sami alamar da ke ba ki 8, ita ce iyakarki: duk motar da ta riga ta wuce ta, ki bar ta ta wuce. Tunda kullum ta nan kike fitowa, aikin rana ɗaya ne zai yi miki amfani har ki bar unguwar.

Shigar kanta kuma: sigina tun kafin ki iso bakin titi, ba bayan kin tsaya ba. Ki tsaya inda kike ganin hagu da dama sosai amma hancin motarki bai hau kwalta ba. In kanti ko motar da aka ajiye ta tare miki gani, ki riƙa matsawa kaɗan-kaɗan, ƙafa a kan birki, har ki gani. Kada ki shiga da zato. Giya ɗaya tana ciki tun kina jira. Dubi hagu, dubi dama, sake duban hagu. Duban daman nan mutane na raina shi, suna cewa ai motocin hannuna daga hagu suke zuwa. Daga dama ne ɗan acaɓa mai aron hannu yake fitowa, da mai tura baro, da yaron makaranta mai tsallaka titi, da kuma motar da ta fito obatekin ta hau hannunki.

In kin yanke shawarar shiga, ki shiga gaba ɗaya. Lallaɓawa a nan ita ce haɗarin. Ki ja giya ɗaya zuwa wajen 20, giya biyu zuwa 40 ko 45, giya uku har ki kama gudun titi, sannan ki sa ta huɗu. Sababbin direbobi suna saurin zura giya huɗu tun mota tana 35 don kada injin ya yi ƙara, sai mota ta yi sanyi a daidai lokacin da ake son ƙarfinta. Ƙarar injin na 'yan daƙiƙu ba ya ɓata komai. Da kin miƙe ki kashe sigina, ki leƙa madubin tsakiya ki ga abin da ke bayanki.

Mafi muni shi ne a fito rabi a tsaya. Mai tahowa ya ga kin fito, ya ɗauka za ki tafi, ya shirya bin bayanki, sai ya tarar da ke a gicciye. In shakka ta zo miki, ta zo tun tayarki ba ta hau kwalta ba.

Masu ham kuwa, ba su ne za su kwana a asibiti ba. Daga inda suke ba sa ma ganin abin da kike gani. Ki bar su su danna.

Tsohon Direban Tirela

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Ni zan yi magana ne kan abin da ya shafi manyan motoci, domin 'yata, a hanyar da kike fitowa su ne abin kula.

Tirelar da ta ɗauko buhu 600 na siminti tana ɗauke da tan 30, ban da nauyin kai da bodi. Ƙaramar mota mai gudun 80, daga lokacin da direba ya ga abu zuwa tsayawarta, tana buƙatar wajen mita 70 a busasshiyar kwalta. Tirela mai lodi a wannan gudun takan haura mita 100, in ma birkinta lafiya lau yake ke nan. Birkin babbar mota na iska ne, in an taka akwai ɗan jinkiri kafin ya kama duk tayoyin. Sannan Gombe a kwari take, mai shigowa gangarowa yake yi. Direban da ya daɗe yana taka birki a gangara maimakon ya riƙe mota da ƙaramar giya, birkinsa ya yi zafi, kamunsa ya ragu. Wani kuma yawan dannawa da saki ya rage masa iska a tanki. Ke daga waje ba ki da hanyar sanin wanne ne ke tahowa.

Tanka kuma da nata halin. In ba a cike take ba, mai yana tangaɗi a ciki. Direba ya taka birki, man ya kwararo gaba ya tura motar. In ya ce zai kauce miki da sauri, ana iya samun kifewa, kuma kowa ya san abin da kifewar tankar fetur ke jawowa.

Saboda haka daƙiƙa 8 ɗin Malam ki bar su ga ƙananan motoci. In babbar mota ce a gangara, ki ba ta 12, ko ma ki bar ta ta wuce kawai. Girmanta yana ruɗin ido, sai a ga kamar rarrafe take yi alhali gudu take. Na san abin da ke sa mutane faɗawa gaban tirela: ba sa son su bi bayanta ta ɓata musu lokaci. Bin bayanta na minti biyar har a sami wurin wucewa bai taɓa kashe kowa ba.

Filin da kika ga direban tirela ya bari tsakaninsa da motar gabansa, ba wurin shiga ya bar miki ba, wurin tsayawarsa ne. In kin cusa kai a ciki kin cinye masa shi. Haka in kin wuce tirela za ki dawo hannunki, kada ki dawo sai kin ga dukan fuskarta, fitilu biyu har gilas, a madubinki na tsakiya. Daga kujerar direba ba a ganin abin da ke dab da bamba, ba a ganin mafi yawan gefen dama, ba a ganin baya sam. In ba kya ganin madubinsa, shi ma ba ya ganinki.

Wani abu kuma da ke cin ƙananan motoci da Keke Napep a mahaɗa: tirela za ta sha kwanar dama, sai ta fara buɗewa hagu don bodinta ya sami wuri. Na baya ya ga fili ya buɗe a dama, ya zura kai. Tana karya kwana tayoyin baya su bi ta kansa. In kin ga babbar mota ta buɗe kusa da mahaɗa, tsaya a baya ki ga inda ta nufa.

Batun fitila: kada ki amince da walƙiyar fitilar kowa. A hanyoyinmu wani in ya walƙa miki yana nufin shigo, wani kuma yana nufin ga ni nan tafe, kada ki kuskura. Na biyun ya fi yawa a bayan gari. Sigina ma haka, akwai wanda ya manta da ita a kunne tun daga Alkaleri. Abin da za ki yarda da shi shi ne ki ga motar ta rage gudu da gaske, ko tayarta ta fara karyawa.

Direban Haya, layin Gombe zuwa Bauchi

Gaskiya Baba ya faɗa. Ni abin da zan ƙara, in gefen titi yana da kyau, ba sai an shiga daga tsaye ba. A miƙe a gefe, a ɗauki gudu zuwa 40 ko 50, ana kallon madubin hagu, in an sami fili sai a zame a hau. Wanda ya shiga da gudun 50 tazarar da yake buƙata ba ta kai rabin ta wanda ya tashi daga tsaye ba. Haka ake tashi bayan an sauke fasinja.

A cunkoso kuma, irin na bakin kasuwa ko tasha, lissafin daƙiƙa ba ya aiki, don ba za ki taɓa samun 8 ba. A nan sigina ce, da haɗa ido da direban da kike son shiga gabansa, da ɗaga masa hannu. In ya sassauta ki shiga, ki ɗaga hannu ki gode. Ɗaya daga nan, ɗaya daga can. In biyu suka bi bayan juna suka cusa, nan rigima ke farawa.

Malamin Tuƙi

Ɗan'uwa, lissafinka daidai ne, amma ina so a sa masa sharaɗi kafin sabuwar direba ta ɗauka. Ɗaukar gudu a gefe yana da kyau ne inda gefen kwalta ne, a share, kuma ana ganin ƙarshensa. Yawancin gefen titunanmu ba haka suke ba: ga yashi, ga masu talla, ga Keke Napep da ke tsayawa ba sigina, ga kwalbati da ke yanke gefen ba zato. Mai kallon madubin hagu yana gudun 50 idonsa ba ya gaba. Ga kuma inda ruwa ya cinye bakin kwalta ya bar tudu kamar taki guda. In aka hau irin wannan da gudu a kaikaice, tayar gaba takan goga ta ƙi hawa, direba ya ƙara murɗa sitiyari, sai ta hau farat ɗaya ta wurga motar tsakiyar titi ko hannun masu zuwa. Irin wannan baki a hankali ake hawansa, a karyo sitiyari sosai, wanda ke nufin ana buƙatar tazara mai yawa, ba kaɗan ba.

Inda shawararka take aiki sosai shi ne tagwayen hanyoyi da aka yi wa hannun shiga na musamman. A can kuskure ne a zo ƙarshen hannun shiga a tsaya. An yi shi ne don a ɗauki gudu. Tun daga farkonsa za ki zaɓi motar da za ki bi bayanta, ki daidaita gudunki da nata, sigina, madubi, waiwaye, ki zame a bayanta. Ki sa ido kan wanda ke gabanki a hannun shigar ma, domin karo da yawa a nan na baya ne ke dukan na gaba: yana kallon hagu, ya ɗauka na gaban ya tafi, ashe ya tsaya.

Waiwayen nan kada a bar shi. Akwai wuri a gefen mota, daga ƙofar baya zuwa ɗan bayanta, da madubi ba ya nunawa, kuma babur ko ƙaramar mota na ɓuya a ciki tsaf. Juya kai na rabin daƙiƙa ya isa, ba a juya jiki gaba ɗaya ba, don hannu yakan bi kai ya ja sitiyari. A gyara madubin gefe yadda gefen motarki kaɗan kawai zai fito a ciki. In rabin madubin ƙofarki yake nunawa, an yi asararsa. A kuma sani madubin dama a yawancin motoci mai ƙundu ne, yana nuna abu ya fi nisa fiye da yadda yake. Motocin da aka shigo da su daga Amurka ma an rubuta gargaɗin a jikinsa.

Na ga ban amsa tambayarki ta tsallakawa ba, Hajiya. Wannan ta fi wuya, don fili biyu kike nema a lokaci guda: na hagu da za ki tsallake, da na dama da za ki shiga. Ki nemi daƙiƙa 8 zuwa 10 a kowane ɓangare. In titi mai hannu biyu ne da tsibiri a tsakiya, ana iya yi sau biyu, amma sai in tsakiyar ta isa ta ɓoye motarki gaba ɗaya, ba hanci a wancan hannu ba, ba gindi a wannan ba. In ba ta isa ba, ko motoci sun yi yawa, ki bi dama kawai, ki je shataletale ko wurin juyawa na gaba ki dawo. Man da za ki ƙona bai taka kara ya karya ba. Bayan juyawar kuma ki tuna hannun ciki kika faɗa, na masu gudu, sai ki ɗauki gudu nan take ki koma dama in an sami fili.

Ranar da kike dawowa gida za ki karya hagu daga babban titi zuwa layi, in kin tsaya jiran fili ki bar tayoyinki a miƙe. In kin riga kin murɗa su wani ya buge ki ta baya, hannun masu zuwa zai tura ki.

A shataletale, na ciki ke da hanya, wato wanda ke zuwa ta hagunki. Tun 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama haka abin yake.

Bakanike, Jekadafari

Duk lissafin da aka yi a sama an yi shi ne a kan mota mai lafiya. Hajiya, ki tabbatar taki tana amsa totur kafin ki dogara da daƙiƙa 8.

Gwajin kuloci mai sauƙi: a hanya marar cunkoso, kina giya huɗu a gudun 40 zuwa 50, ki taka totur sosai. In injin ya yi ƙara, allurar zagayen injin ta tashi, amma gudu bai ƙaru ba, kuloci yana zamewa. Irin wannan mota a fili kamar lafiyarta ƙalau, sai ranar da aka cika ta da mutane aka zo hawa titi take nuna hali. Mai jawo shi da wuri shi ne ɗora ƙafa a kan kuloci ana tafiya, da riƙe mota da rabin kuloci a tudu. In bakin layinku hawa ne, ki ja birkin hannu, ki ɗaga kuloci har ki ji gaban motar ya ɗan ɗaga, ki ƙara totur, sannan ki saki birkin. Ba za ta koma baya ba, ba za ta mutu ba.

In kuwa kin taka ta yi kamar za ta shaƙe kafin ta ɗauka, ko tana fizga, a duba fulogi, matatar iska da matatar mai, sannan famfon mai. Ƙurar da muke sha a nan daga Disamba zuwa Fabrairu tana toshe matatar iska da wuri. Yawo da tanki kusan a bushe kuma yana gajiyar da famfo, don man ne ke sanyaya shi. Da safe kada a tayar da mota a faɗa babban titi nan take, tafiyar cikin layi a hankali tana taimaka mata ta ɗan yi ɗumi. Ƙaramin injin in ana son duk ƙarfinsa, a kashe na'urar sanyaya mota kafin a shiga, a kunna bayan an miƙe. Bambancin ana jin sa, balle in mota cike take.

Masu atomatik su san cewa in an taka totur har ƙasa akwai jinkirin kusan daƙiƙa guda kafin giya ta sauko mota ta zabura. A sa wannan a lissafi.

Sai yashin bakin titi. Yawancin ƙananan motoci da tayoyin gaba suke ja. In suna kan yashi aka saki kuloci da ƙarfi, sai su yi ta juyawa a wuri ɗaya, daƙiƙa biyu sun tafi a banza. A tashi a hankali har tayoyin gaba su kama kwalta, sannan a taka. Taya mai sanƙo ta fi yin haka, bayan ruwan farko na damina kuma kwaltar kanta santsi take yi saboda mai da ƙurar da suka taru a kanta.

Kowane mako a zagaya mota a ga sigina huɗu da fitilun birki suna kamawa. In kin ji sigina tana ƙiftawa da sauri fiye da yadda ta saba, ƙwai ɗaya ya mutu a wannan gefen. Ke kina ganin kin ba da sigina, na baya bai ga komai ba.

Sabuwar Direba, Tumfure

Na gode ƙwarai, Baba, Malam da sauran 'yan'uwa, Allah ya biya ku. Saura abu ɗaya: da dare ko lokacin hazo, da ba na iya ganin alamar da na zaɓa, yaya zan yi? Kuma in mota ta mutu mini bayan na riga na hau titi fa?

Malamin Tuƙi

Da dare fitila kawai kike gani, kuma fitila tana ruɗi fiye da mota. Haske ɗaya yana iya zama babur, yana iya zama mota mai ido ɗaya wadda sauran jikinta ke cikin duhu. Fitilu biyu da suke kusa da juna suna iya zama mota a nesa, suna iya zama Keke Napep a kusa. Akwai kuma wanda ba fitilar sam. Ki zaɓi alama mai haske tun da rana, kamar gidan mai ko shagon da ke kunna wuta, ki ƙara daƙiƙa 3 zuwa 4 a kan lissafinki, ki sauke gilas ki saurara. Kunne yana jin tirela kafin ido ya tantance ta. Kina jira a bakin titi ki bar fitilarki a ƙaramin haske don kada ki kashe wa masu wucewa ido.

A hazo ki kunna ƙaramin haske ko da rana ce, don a gan ki. Babban haske dawo miki yake yi. In nisan da kike iya gani bai kai alamarki ba, to tazarar da kike gani ba ta isa ba, sai ki haƙura da tsallakawa ki bi dama.

Ki lura da rana ma. Hanyar Bauchi yamma ta nufa daga Gombe. Da sassafe masu shigowa gari rana tana cikin idonsu, ƙila ba su gan ki ba ko da ke kina ganinsu sarai. Da la'asar sakaliya kuma ke ce za ki kalli rana in kin duba wajen da suke fitowa. Gilas mai ƙura yana ninka matsalar, a goge shi ciki da waje.

Dokar hanya ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta sa wa ƙananan motoci iyakar 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a babban titi mai hannu biyu, tirela da tanka kuwa 45, 50 da 60. Ki san wannan, amma ki yi lissafinki da gudun da kika ƙirga da bakinki, don ba kowa ke bin doka ba.

In ta mutu a kan titi: taka kuloci har ƙasa, murɗa makulli, giya ɗaya, tafi. Ba sai kin mayar da giya fili ba, taka kulocin ya wadatar, kuma ya fi sauri. Ki gwada wannan a fili sau da yawa har hannu da ƙafa su saba. In ta ƙi tashi, kunna sigina biyu na gaggawa nan take. In tana ɗan gangarawa, ki bar kuloci a take ki karkatar da ita gefe, ki sani sitiyari zai yi nauyi, birki ma bayan taku ɗaya ko biyu zai yi tauri, sai an danna da ƙarfi. Kada ki zare makulli tana tafiya, sitiyari zai kulle. In ta tsaya cak a hannun motoci, kowa ya fita ta ɓangaren da ba motoci, a tsaya nesa da titi, ba a gabanta ko bayanta ba. A ajiye alamar nan mai kusurwa uku can baya, aƙalla taku 50, a bayan gari a ninka, a kan kwana kuma a sa ta kafin kwanar. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.